Duba-gari a New York, da Mutumin da Aka Hana Kujera

Tun da na yi ritaya na dawo gida Wusasa, da wuya mu taru da yamma a gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Iliya ba wani ya tono zancen Amurka ba. Wannan ya ce wai gaskiya ne jirgi na tafiya a ƙarƙashin gidaje, wancan ya ce me suke ci, wani kuma ya rage murya ya tambayi abin da kowa ke son tambaya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga tushe, kowa ya ɗauki rabonsa.

A ƙarshen shekarun tamanin ina aikin duba-gari a ƙaramar hukuma, sai aka zaɓe ni kwas na 'yan watanni a birnin New York, in ga yadda suke duba lafiyar gidaje. Biza a Kaduna na karɓo, bayan na yi tsayuwar layi har ƙafafuna suka yi tsami. Matata Hannatu kuwa, tun da ta ji cewa gidan Yaya Saratu zan sauka, ta shiga haɗa kaya kamar mai aurar da 'ya. Yaya Saratu 'yar wan mahaifina ce, ma'aikaciyar jinya, ta daɗe a can. Kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, kilishi, babu abin da Hannatu ba ta cusa a akwatina ba. Na ce mata kayan sawata fa, ta ce ai can ma ana sayar da riga, amma ba a sayar da daddawa.

Motar hayar da ta ɗauke ni zuwa Kano ta yi faci wajen Kwanar Dangora, muka sauka muna taya direba ɗaga mota, ni da kwat ɗina sabo fil. Haka na shiga jirgi da baƙin mai a hannun riga. Mun sauya jirgi a Turai, inda na fara ganin matakalar da ke tafiya da kanta, na tsaya ina kallon yadda tsofaffi ke hawa kafin in yi ƙundunbala.

Da muka sauka New York, jami'in shige da fice bai ba ni wahala ba. Wajen kwastan ne aka yi ta. Wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Jami'ar da ke riƙe da shi ta buɗe ƙullin daddawa, ta ja baya, ta tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce mata kayan miya ne. Da ta kai ga kuka, ta ga koren gari a leda, sai ta kira abokin aikinta. Na rasa Turancin kuka, don haka na dangwala da yatsa na lasa a gabansu. Suka dubi juna suka bar mini ita. Kilishin dai suka riƙe, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Har yau ina zargin karen nan.

Yaya Saratu na waje tana jirana da wata ƙatuwar rigar sanyi a hannu. Tare da ita akwai wani dattijo mai fara'a, Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi, direban tasi. Hausarsa ta ba ni dariya da farko, don ba ruwanta da namiji ko mace. Ya ce mini, "Yayanka ya damu ƙwarai, tun safe yake kirana." Muna fita filin jirgi na ga allo an rubuta Jamaica, na ce Alhaji, ba dai jirgi ya yi ɓatan kai da ni ba. Ya ce unguwa ce, in kwantar da hankalina, garin nan ya ari sunan kowa.

Gidan Yaya yana Mount Hope a yankin Bronx, hawa na biyar, lif kuwa, na'urar da ke hawa da mutane bene, ya daɗe da mutuwa. Ɗakin da aka ba ni akwai wani ƙarfe jikin bango mai ɗumama ɗaki, yana huci yana tsaki kamar kumurci. Ranar farko tuwo muka ci da miyar kukar da na sha wuya a kanta. Garin tuwon na kwali ne, wanda Turawa ke dama kununsu na safe da shi, Yaya ta tuƙa shi da ƙarfi har ya amsa sunan tuwo. Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan shi ne rashin gaisuwa. Na haɗu da wata mata a matakala na ce mata ina kwana, ya gajiya, ya yara, sai ta rungume jakarta ta ƙara sauri. Yaya ta ce in rage, a nan gaisuwa kalma ɗaya ce, in ta wuce haka roƙo ne ko fashi.

Ranar da zan fara aiki na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ta ɓangaren da ba shi ba. Ina zaune ina jiran tashata har jirgi ya fito sarari, na hango teku da tsuntsaye. Sai wajen azahar na isa ofis, ina ta shirya kalaman ban haƙuri. Mutumin da aka haɗa ni da shi ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka ga teku? Ni da aka haife ni a nan na fi shekara ban gan shi ba. Ka yi sa'a."

Wannan shi ne Victor. Gajere ne, mai gashin baki da furfura ta fara ci, iyayensa mutanen Puerto Rico. Shi ne shugaban rukunin masu duba gidaje a wannan yanki. Na ce masa yallaɓai, ya waiga yana neman wanda nake kira. Ya ce Victor kawai. Sai da na yi kusan wata kafin bakina ya iya kiran ubangidana da sunansa tsirara.

Aikinmu iri ɗaya ne amma a juye. A gida in aka ji duba-gari ya shigo unguwa, mata kan ruga su kife randuna su share zaure. A can masu haya ne da kansu ke kiran duba-gari, mai gida ne ke ɓuya. Kullum muna hawa muna sauka, Victor da tocila a aljihu da ma'aunin zafi a wuya, muna leƙa ramin ɓera, muna kankare fentin bango, muna shiga ƙarƙashin bene inda babbar tukunyar ɗumama gida take. Da rana mu tsaya mu ci shinkafa da wake da soyayyar ayaba a wajen wata tsohuwa 'yar garin iyayensa, ko wani faifan burodi mai cuku da tumatir da ake ci a tsaye. Ni da aka hore ni cewa ba a cin abinci a tsaye, ban san lokacin da na ƙware ba.

Ana tsakiyar sanyi, dusar ƙanƙara ta rufe motoci, ƙarar masu haya ta kai mu wani bene a unguwar Tremont. Da aka buɗe ƙofa sai ga Alhaji Mumuni da rigar sanyi a cikin ɗakinsa. Tukunyar gidan ta kwana biyu da lalacewa, mai gida kuwa ya daina ɗaukar waya. Matarsa Hajiya Zainabu ta kunna murhu ta bar ƙofarsa a buɗe, tana zaune a gabansa da jaririya a ƙirji, yarinyar na tari. Victor ya auna sanyin ɗakin, ya sauka. Ya samo mai gidan ta waya, ya faɗa masa cewa yana ƙarƙashin benensa a zaune, kuma ba zai tashi ba sai ya ji ƙarfe ya yi ɗumi. Haka muka zauna a kan bokitan fenti har rana ta faɗi, har mai gyara ya zo. Da ƙarafa suka fara tsaki a ɗakuna, sai muka ji ana buga ƙafa daga sama, masu haya na murna.

Daga ranar Hajiya ta ɗauki Victor ɗan gida. Duk ran da muka bi ta layinsu sai ta tsare mu da shinkafa da wake irin tasu, mai launin ja, da baƙin yaji. Wata rana Alhaji ya dube shi ya ce mutum kamar wannan bai kamata ya zauna ba mata ba, akwai ƙanwar Hajiya a Accra. Victor ya yi murmushi ya ce akwai mai jiransa a gida. Da Turanci ya faɗa, Turanci kuwa yana iya ɓoye ko namiji ne ko mace. Duk muka ɗauka mace ce, Alhaji ya ce to a gaishe ta.

Wajen ƙarshen sanyi aka ji cewa kujerar mataimakin shugaban yankin gaba ɗaya za ta zama ba kowa, kuma sunan Victor ne a gaba. Sai dai al'adarsu, kafin a naɗa, kwamitin unguwa zai zauna ya ji ta bakin jama'a. Ofis kowa na taya shi murna. Ba a yi mako ba, wata safiya na fito daga tashar jirgi na ga takardu manne a jikin sandunan fitila, da hotonsa. An rubuta cewa mai neman maza ne, yana zaune da wani namiji mai ɗauke da cutar nan da daga baya muka sa wa suna ƙanjamau, kuma wannan mutum ne ke shiga ɗakunan 'ya'yanku. Babu sunan wanda ya rubuta. Kowa ya san masu benayen da Victor ya matsa wa ba su da dalilin son ci gabansa, amma ba wanda ya ga hannun da ya manna.

A ofis ba wanda ya ta da zancen takardun. Abin da na lura shi ne an ware kofin shan gahawarsa can gefen taga, nesa da na sauran. Wani da suke wasa da dariya kullum ya nemi a sauya masa rukuni. Na shiga mota na zauna kusa da Victor, muka yi tafiya mai nisa. Ya tsaya a bakin wani shago ya kashe mota.

"Yohanna, ka karanta?"

Na ce na karanta.

"Abin da suka ce game da ni da Harold gaskiya ne. Sunansa Harold. Mun fi shekara goma tare, kuma ba shi da lafiya. Sauran ƙarya ne. In kana so a haɗa ka da wani, zan sa hannu, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ku da kuka san ni kun san gidan da na tashi. Mahaifina mai wa'azi ne. Kalmar da muke kiran irin wannan da ita a gida zagi ce, ban taɓa jin an faɗe ta ba sai da tofar da yawu. Ga shi kuma mutumin da na zauna da shi a kan bokitin fenti saboda jaririyar da ba tasa ba. Na rasa inda zan ajiye abu biyun nan a kaina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Akwai gidaje a gabanmu, Victor. Ta da mota." Ya dube ni, ya ta da.

Na tambaye shi ko za su kore shi. Ya ce a'a, 'yan shekaru kafin zuwana birnin ya yi doka da ta hana korar mutum daga aiki ko daga gidan haya saboda wannan, bayan an daɗe ana kai ruwa rana a kanta. "Doka ta hana su kore ni," in ji shi. "Ba ta ce su so ni ba."

Da yamma na kai wa Yaya Saratu labari ina jiran ta yi salati irin namu. Tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba. Ta ce ɗakin da take jinya cike yake da samari masu wannan ciwo, wasu iyayensu ko waya ba sa bugowa, masu kawo abinci kan ajiye tire a ƙasa bakin ƙofa su gudu. "Wanda ke zuwa ya wanke su ya ba su abinci a baki, irin ubangidanka ne. Ni dai ban isa in yanke wa kowa hukunci ba, Yohanna. Abin da idona ya gani ke nan."

Ba kowa ne ya ɗauke shi kamar Yaya ba. A majami'armu ta 'yan Arewa wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in yi hankali, kada in koma Zariya da abin da ban zo da shi ba. Alhaji Mumuni kuwa ya shiga damuwa sosai. Ya ɗauke ni a tasinsa muka yi ta zagaya ba inda za mu. Ya ce abokansa na masallaci sun ce kada kowa ya je taron. Ya ce, "Malam Yohanna, mutumin nan ya ci abinci a kwanona. Addinina bai yarda da abin da yake yi ba. To amma in na ce ban san alherinsa ba, na yi ƙarya, ƙarya kuma ita ma haramun ne." Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

An yi taron a zauren wata makaranta, bayan an tashi daga aiki. Zaure ya cika. Victor na zaune a gaba shi kaɗai da jakarsa a cinya. Mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yabi aikinsa. Wani ya ce shi ba ruwansa da rayuwar kowa, amma lafiyar yara fa. Wata ta ce ba za ta sake buɗe masa ƙofa ba, aka tafa mata. Ina baya ina leƙen Alhaji, ban gan shi ba.

Can sai ga Hajiya Zainabu ta miƙe daga tsakiyar zaure, da jaririyarta a goye. Turancinta bai wuce na kasuwa ba. Ta waiwaya ta gan ni, ta ce da ƙarfi, "Malam Yohanna, zo ka juya mini magana." Idanu suka dawo kaina, har da na wasu 'yan majami'armu. Na tashi na je na tsaya kusa da ita.

Ta ce, "Ka faɗa musu ni musulma ce, na je Makka. Ban zo in ce abin da yake yi a ɗakinsa daidai ne ba, wannan tsakaninsa da Allah. An ce yana shiga ɗakin yara. Gaskiya ne, ya shiga nawa. Ranar da ya shiga, yarinyar nan leɓenta ya yi baƙi don sanyi. Masu manna takarda ba su hau benena ba. Shi ya hau. Ka faɗa musu haka, kar ka rage."

Ban rage ba. Da na gama, aka kira mai magana na gaba. Da muka fito, sai ga tasin Alhaji a bakin ƙofa. Ashe shi ya kawo ta, ya zauna a mota.

Ba a ba Victor kujerar ba. Kwamiti ya ce ana buƙatar wanda zai haɗa kan jama'a, aka ba wani da bai kai shi daɗewa ba. Washegari ya zo aiki da tocilarsa kamar kullum.

Kafin in taho ya gayyace ni gidansa cin abincin rana. Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na je. Harold dogo ne baƙar fata, malamin kiɗa a da, ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Shi ya dage sai ya dafa mini kaza da kansa. Ya tambaye ni waƙoƙin da muke yi a majami'a, na rera masa ɗaya da Hausa, ya kama ta a piyanon da ke jikin bango nan take, muka yi tare, Victor na wanke kwanoni yana kuskuren amshi. Gida ne kamar kowane gida, har da gardamar wanda ya bar taga a buɗe.

Na koma New York sau ɗaya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, bikin 'yar Yaya Saratu. Garin ya sauya. An goge rubuce-rubucen jikin jirage, Tremont ta cika da shagunan mutanenmu, har daddawa ake sayarwa. Jaririyar Hajiya ta zama 'yar makaranta, in ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Harold ya rasu shekaru kaɗan bayan tahowata, gab da fitowar sababbin magungunan da suka tsayar da wasu da ƙafafunsu. Victor kuwa yanzu shi ne shugaban yankin gaba ɗaya, sama da kujerar da aka hana shi. Ya ce wannan karon shi ya fara faɗar irin rayuwarsa da bakinsa a gaban kwamiti, kafin wani ya tona masa, kuma wanda ya yi gunaguni bai samu mai taya shi ba. Ya ce akwai irinsa da jama'a suka zaɓa majalisar birni ido buɗe, kuma birni ya fara yi wa masu zama irin nasu rajista, har mutum ya iya shiga asibiti wajen nasa ba a tsare shi a ƙofa ba. "Ni an tsare ni lokacin jinyar Harold," in ji shi. "Yayarka ce ta shigar da ni ta ƙofar ma'aikata." Yaya ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ya zo bikin da babbar riga da Alhaji ya ɗinka masa, ta yi masa tsawo yana taka ta. Da aka fara watsewa muka zauna a matakalar zauren, ya ce yana so wata rana ya zo Zariya ya ga irin randunan da nake leƙawa. Na ce ɗaki na nan, Hannatu za ta yi masa tuwo na gaske.

Ya ce, "In na zo, wa za ka ce musu ni ne?"

Na ce, "Ubangidana, wanda ya koya mini aiki."

"Shi ke nan?"

Na tuna garinmu, don na san halinsa, shi ma ya san na sani. Sannan na ce, "Sauran in sun tambaya zan faɗa. Amma a gidana za ka kwana, kuma a kwano ɗaya za mu ci."

Ya dafa kafaɗata ya ce wannan ya ishe shi.

Bai samu zuwa ba. Yaya ce ta bugo mini waya shekarun baya ta ce ciwon zuciya ya ɗauke shi, kuma Hajiya Zainabu ta dafa abincin da aka ci a zaman makokinsa. To, Malam Iliya da sauran 'yan gindin darbejiya, kun tambaya, ga shi na faɗa.